Maraɗi, Tibiri da Jiratawa: kafin a sake zaɓen kansiloli, wa zai hana a yanka filin wasan yara?

Ranar 13 ga Disamba 2020 ce ta ƙarshe da mutanen Maraɗi, Tibiri da Jiratawa suka bi layi don zaɓen kansilolinsu. Shekaru biyar doka ta ba waɗanda suka ci. Da al'amura sun tafi yadda aka tsara, da tuni alamun kakar zaɓe sun bayyana a unguwanni: sababbin rigunan 'yan ƙwallo, sukari da ganyen shayi a kowace fada, da gasar cin kofi mai ɗauke da sunan wani alhajin da bai taɓa taka leda ba. Wannan karon ba haka abin yake ba. Ranar 4 ga Afrilu 2024 Janar Abdourahamane Tiani ya rusa majalisun birane, na ƙananan hukumomi da na jihohi, aka naɗa kantomomi, akasarinsu masu kaki, su riƙe ma'aikatun magadan gari. Ranar 26 ga Maris 2025 kuma aka rusa jam'iyyun siyasa gaba ɗaya, aka ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa da ya tanadi wa'adin watanni 60, wanda ke iya sauyawa gwargwadon halin da ƙasa ke ciki.

Ke nan babu ɗan takarar da za a tsare da tambaya a yau. Amma zancen wuraren wasa da na al'adu bai jira zaɓe ba, domin ana yanke hukunci a kansa kusan kullum, a wani wurin da ba kasafai ake dubawa ba. Wanda ke faɗin inda yaron unguwar Zariya ko na Ali Ɗan Tsoho zai buga ƙwallo nan da shekaru goma, ba mai alkawarin gina sitadiyam ba ne. Mai sa hannu a takardar yanka filaye ne.

Kofin ɗan takara

A Nijar ba mutum ɗaya ake jefa wa ƙuri'a a zaɓen ƙananan hukumomi ba. Jam'iyya ke kawo jerin sunaye, a raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da kowace ta samu, sannan kansilolin su zauna su fitar da magajin gari daga cikinsu. Kafin a rusa majalisun a 2024, birnin Maraɗi yana da majalisar birni da kuma da'irori uku, kowace da nata magajin gari. Tibiri ƙaramar hukumar birni ce a gundumar Gidan Rumji, Jiratawa kuma ta karkara ce a gundumar Madarunfa. Sarakunan gargajiya da 'yan majalisar dokoki na yankin a wancan lokacin suna zama a majalisar, a ji shawararsu, amma ba su da ƙuri'a.

Wannan tsari yana da amfaninsa, sai dai yana ɓoye mutum a bayan alamar jam'iyya. Mai zaɓe ya san launin Tarayya, ya san na Nasara, na Gaskiya, na Inganci ko na Canji. Da wuya ya san abin da na biyar ko na tara a jerin sunayen yake tunani game da gidan matasa. A 2020 abin ya ƙara cakuɗewa, tunda makwanni biyu kacal ne tsakanin zaɓen kansiloli da zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa, ranar 27 ga Disamba. Jam'iyyu sun ɗauki na farkon a matsayin gwajin ƙarfi kafin na biyun. Mutane sun saurari zancen Bazoum da Mahamane Ousmane fiye da zancen magudanar ruwan unguwarsu, balle na filin wasa.

Ba wai 'yan takara suna mantawa da matasa ba ne. Babu wanda ya kai su tunawa da matasa a lokacin kamfe. Su ne masu ba da ƙwallo da riguna, su ne masu ɗaukar nauyin gasar hutun makaranta, su ne masu yi wa ɗan kokowa kari, su ne masu biyan makaɗi ya wasa su a taro. Duk waɗannan kyauta ce daga aljihun mutum, kuma da sunansa ake karɓarta. Ba manufa ba ce da aka rubuta, wadda za a iya ɗaukowa bayan shekaru biyar a ce ga abin da ka faɗa, ga abin da ka yi. Ɗan takara yana iya raba ƙwallo ɗari, ya ci zaɓe, sannan ya ɗaga hannu a majalisa a amince da yanka filin da ake buga ƙwallon a kansa, ba tare da ya saɓa wa ko kalma ɗaya daga cikin abin da ya yi alkawari ba.

Akwai kuma abin da doka kanta ta jawo. Kundin dokokin ƙananan hukumomi na ranar 17 ga Satumba 2010 ya buɗe musu ƙofar aiki a fannoni da yawa, har da matasa, wasanni da al'adu. Amma da gwamnati ta tashi miƙa iko da kuɗi a aikace, a watan Janairu 2016, fannoni huɗu ta zaɓa: ilimi, kiwon lafiya, ruwa da muhalli. Babu mai hankalin da zai ce zaɓin bai dace ba a ƙasar da har yanzu yara ke karatu a ajin zana. Sakamakonsa dai shi ne, wasa da al'ada sun zama marayu: doka ta ce na magajin gari ne, kuɗin kuma suna Yamai. Hukumar ANFICT da aka kafa don tallafa wa ƙananan hukumomi da kuɗi tana nan, amma kowane magajin gari ya san rijiya da aji da ɗakin haihuwa ne ke kan gaba a layi.

Abin da ƙaramar hukuma ke tarawa da kanta kuwa bai taka kara ya karya ba. An daɗe ana karɓar sefa 700 a shekara, dala ɗari da arba'in ke nan, daga kowane baligi a karkara, kuma karɓar ma sai an sha fama. Sauran kuɗin na fitowa daga kasuwa, tasha, kara ta dabbobi da makamantansu. Wani abin lura shi ne, a takardar kasafin kuɗin ƙaramar hukuma, wurin da aka fi saurin cin karo da kalmar nishaɗi shi ne ɓangaren kuɗin shiga: harajin wasanni da shagulgula, da na gidajen kallo. Mai gidan kallon da ke nuna wasan Barcelona da fina-finan Kano yana biyan hukuma. Abin da hukuma ke mayar wa 'yan kallon nasa ne ba a cika gani ba.

Abin da Maraɗi ta mallaka daga Yamai ya zo

In aka ƙirga manyan wuraren wasa da na al'adu na birnin, kusan babu wanda majalisar da aka zaɓa ta haifa. Zamanin Seyni Kountché ne ya farfaɗo da samariya, ya baza gidajen matasa da al'adu a manyan garuruwa, ya kafa bikin matasa na ƙasa mai zagayawa daga jiha zuwa jiha. A zamanin ne aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa, a 1975, kuma ɗan Maraɗi, Yacouba Kantou, ya ɗauki takobin farko. Filin kokowar birnin sunansa yake ɗauke da shi. Gidan al'adu na Bawa Ɗan Wardanga da filin ƙwallo na jiha, inda magoya bayan Ɗan Kasawa da Jangwarzo suka saba haɗuwa, duk daga wannan tunani na gwamnatin tsakiya suka samo asali. Haka shirin Maraɗi Kwalliya, lokacin da birnin ya karɓi baƙuncin bikin 18 ga Disamba na 2015 a zamanin Mahamadou Issoufou, aka shimfiɗa tituna, aka yi gine-gine da gyare-gyare.

Waɗannan ayyuka sun amfani birnin, babu musu. Matsalarsu ɗaya ce: don rana guda ko mako guda ake yin su. Filin kokowa yana cika maƙil idan zagayen takobi ya iso Maraɗi, kamar yadda aka gani a karo na 41, a farkon 2020, amma jihohi takwas ne ke karɓar gasar bi da bi. Tsakanin zuwa da dawowa shekaru ne, kuma a cikinsu wani ne zai biya kuɗin wuta, ya ɗauki mai gadi, ya gyara famfo, ya toshe rufin da ke yoyo. Gwamnati na ginawa ta tafi. Kula da ginin ba ya cikin abin da ake yanke kintinkiri a kansa, saboda haka ba ya cikin abin da ɗan takara ke ambata.

Kuma duk girman waɗannan wurare, ba su ne yaro ɗan shekara goma ke nema da la'asar ba. Ba za a bar shi ya shiga filin ƙwallo na jiha da ƙwallon tsumma ba, ko an bar shi ma, daga sababbin unguwannin gabas tafiya ce mai nisa. Abin da yake nema fili ne fetal kusa da gida, inda uwarsa za ta iya aika ƙanensa ya kira shi.

Maraɗi ta taɓa samun mutum ɗaya da ya ga lamarin ta fuska biyu. Kassoum Moctar ya zama shugaban majalisar birnin bayan zaɓen 2011, bai kai ƙarshen wa'adinsa ba, ya kafa jam'iyyar CPR Inganci, daga baya kuma ya riƙe ma'aikatar matasa da wasanni a gwamnatin Issoufou. Tafiyar tasa ta nuna inda ikon yake a wannan fanni. Mai son taɓa harkar wasanni da gaske, kujerar minista yake hange, ba ta magajin gari ba.

Ƙasa ita ce asusun

Akwai abu ɗaya da ƙaramar hukuma ke da iko a kansa fiye da yadda ake zato, kuma shi ne ƙasa.

Maraɗin da ake gani yau ba a inda Ɗan Kasawa ya kafa ta take ba. Ambaliyar Gulbin Maraɗi ta 1945 ta cinye tsohon garin da ke fadama, Turawan Faransa suka hau da shi tudu, suka zana masa tituna miƙaƙƙu. Tun daga nan birnin da awo yake girma: a auna daji ko gona, a ja layuka, a raba fuloti. Gyaɗa ta kawo kuɗi, kasuwanci da Najeriya ya haifar da alhazan da aka rubuta littattafai a kansu, jama'a suka yi ta ƙaruwa. Ƙidayar 2012 ta samu mutum dubu 267 a birnin, sama da dubu 125 a ƙaramar hukumar Tibiri, kusan dubu 86 a ta Jiratawa. Binciken lafiya na ƙasa na wannan shekarar ya nuna macen jihar Maraɗi tana haihuwar 'ya'ya fiye da 8 a matsakaici, alhali na ƙasa baki ɗaya 7.6 ne. Kusan rabin 'yan Nijar ba su kai shekara 15 ba. Yaran da aka haifa a shekarar ƙidayar yanzu sun isa shiga gasar unguwa.

A kan takarda, kowane sabon yanka yana da wuraren da aka keɓe: na makaranta, na asibiti, na kasuwa, na masallaci, da fili don shaƙatawa da shuka itatuwa. A ƙasa kuwa labarin daban ne, kuma ba a Maraɗi kaɗai ba. Yanka filaye ya daɗe da zama hanya mafi sauri da ƙananan hukumomin Nijar ke samun kuɗi masu kauri a lokaci guda. Gwamnatin tsakiya ma ta taɓa biyan ma'aikata bashin albashi da fuloti a farkon shekarun 2000. Idan fuloti ya zama kuɗi, to duk wani fili da aka bari ba gini, kuɗi ne a kwance. Makaranta tana da darakta da iyayen yara da za su yi ƙara. Masallaci ba mai taɓa shi. Filin shaƙatawa ba shi da mai shi, ba shi da katanga, sau da yawa mutanen unguwa ba su ma san an keɓe shi ba sai ranar da suka ga tifa ta juye yashi. Daga nan sai a tarar an gutsure shi kashi-kashi, kowane kashi da takardarsa. Ƙorafin da ake yi ke nan a Yamai, a Damagaram da sauran manyan garuruwa shekara da shekaru.

Gini ana iya jinkirta shi. Ƙaramar hukumar da ba ta da kuɗin gina gidan matasa bana, tana iya samu baɗi ko bayan shekaru goma. Filin da aka sayar aka gina kuwa ya tafi ke nan. Ba magajin garin da zai rushe gidan mutum mai takarda don yara su buga ƙwallo. Shi ya sa manufar da ta fi kowace arha a wannan fanni ita ce kuma ta fi kowace wuya: a bar filin yadda yake, a kafa masa duwatsun iyaka, a shuka dogon yaro a gefensa, a rubuta shi a rajista da sunan jama'a. Ba ta cin miliyoyi. Abin da take ci shi ne kuɗin da hukuma za ta samu da ta sayar, da kuma fushin wanda ya zo neman alfarma aka hana shi.

A nan ne Tibiri da Jiratawa suka shigo. Birnin Maraɗi ƙarami ne a faɗin ƙasa, kuma maƙwabta sun kewaye shi: Tibiri ta arewa maso yamma, Jiratawa ta kudu maso gabas, ga Safo, Sarkin Yamma da Saye Sabuwa. Yamma fadamar gulbi ce. Duk inda birnin ya miƙa ƙafa, gonar wata ƙaramar hukuma yake nufa. Mutumin da ya sayi fuloti a bakin gari yana kasuwanci a Maraɗi, 'ya'yansa suna ɗaukar kansu 'yan Maraɗi, amma ƙasar da gidansa ke kai tana iya zama ta majalisar da ke zama a wani gari. Ita wannan majalisar tana da hujjar yanka gonakin da wuri, ta karɓi kuɗin kafin wani ya riga ta. Ba ta da hujjar barin hekta biyu fetal saboda yaran da iyayensu ba su zo ba tukuna, waɗanda watakila ma ba a wurinta za su yi zaɓe ba. Ita kuma majalisar birni ba ta da iko a ƙasar da ba tata ba. Doka ta yarda ƙananan hukumomi su haɗa kai su yi aiki tare. Wannan ne fannin da ya fi buƙatar haɗin kan, kuma shi ne wanda ba ya kawo wa kowa ƙuri'a.

Abubuwa biyu na ƙara matsa lamba. Na farko layin dogo daga Kano zuwa Katsina, Jibiya har Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a watan Fabrairu 2021 aka ba kamfanin Mota-Engil. Ko jirgin ya iso da wuri ko ya makara, labarinsa kaɗai ya isa ya sa mai kuɗi ya fara hangen gonakin kudancin birnin. Na biyu ruwa. A daminar 2024 jihar Maraɗi na cikin waɗanda ambaliya ta fi yi wa ɓarna, ruwan ƙarshen watan Agusta ya kashe mutane a cikin birnin kansa, kuma sai da gwamnati ta ɗage komawa makaranta a faɗin ƙasa zuwa 28 ga Oktoba, saboda azuzuwa sun lalace, wasu kuma mutanen da suka rasa muhalli ne a ciki. Filin da ba a gina ba, da rani filin ƙwallo ne, da damina wurin da ruwa ke kwanciya ya nutse maimakon ya shiga ɗakin mutane, ranar masifa kuma wurin kafa tanti. Wanda bai damu da ƙwallo ba, ya kamata wannan ya dame shi.

Garuruwa uku, buƙatu uku

Kuskure ne a ɗauka abin da Maraɗi ke buƙata shi Tibiri ke buƙata. Tibiri, wato Tsibirin Gobir, tana da abin da kuɗi ba sa saye. Gobirawa sun kafa ta ne bayan yaƙin Gawakuke na 1836, kuma har yau nan ce fadar Sarkin Gobir, da sarautar Inna, da hawan salla, da makaɗan fada da ke riƙe da tarihin sarakuna a ka. Kilomita goma sha kaɗan ne tsakaninta da Maraɗi, inda fadar Sarkin Katsina take. Masarautu biyu masu irin wannan tarihi dab da juna, ga jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo a Maraɗi da ɗalibai dubbai. Abin da ya dace ɗan takarar Tibiri ya zo da shi ba katafaren gini ba ne. Ɗaki ne da za a adana kayan tarihi, da na'urar ɗaukar muryar tsofaffin maroƙa tun suna raye, da yarjejeniya tsakanin majalisa da fada kan wanda zai riƙe mabuɗi. Sarki yana zama a majalisa ba tare da ƙuri'a ba, amma a wannan fanni babu abin da zai yiwu sai da yardarsa.

Jiratawa garin noma ne. Filin noman rani na sama da hekta 500 da aka shimfiɗa a farkon shekarun 1980 ya sa matasanta suna da aikin yi har da rani, kuma zogalenta ya yi suna har wajen jihar. A ƙauyukanta wurin shaƙatawa bai taɓa zama aikin hukuma ba. Dandali ne, inda 'yan mata ke gaɗa a farin wata, samari su yi langa da kokowa bayan girbi. Ba wanda ya gina dandali, ba wanda ya saka shi a kasafin kuɗi, gari ne ya bar shi. Idan awon birni ya iso ƙauye da layukansa miƙaƙƙu, dandali ba shi da suna a taswirar mai awo.

Duka gundumomin biyu, Madarunfa da Gidan Rumji, suna kan iyaka da Najeriya, kuma tun wajen 2019 suke fama da 'yan bindiga masu satar mutane da dabbobi. Dubban 'yan gudun hijira daga Sakkwato, Zamfara da Katsina sun tsallako yankin. Inda ake tsoron dare, kiɗan dare shi ke fara mutuwa. Ba za a ce filin ƙwallo yana maganin ɗan bindiga ba, masu faɗin haka a tarurrukan ƙungiyoyin agaji suna wuce gona da iri. Amma saurayin da ba shi da wurin zuwa sai benci da butar shayi daga safe har dare, kowa ya san irin masu zuwa su same shi a wurin, daga mai tallan taramol har wanda ya fi shi muni.

Kalmar da ake tsoro

Akwai dalilin da ya sa ɗan siyasar Maraɗi ke sakin jiki da zancen ƙwallo da kokowa, amma ya riƙa taka tsantsan da zarar an ce al'adu ko nishaɗi. A watan Nuwamba 2000, lokacin da ake shirin bikin nuna tufafi na FIMA karo na biyu a Yamai, wanda Alphadi ya ƙirƙiro, zanga-zangar adawa da bikin ta rikiɗe ta zama tarzoma a Maraɗi. An ƙona mashaya da rumfunan caca, an kai wa coci-coci hari, an kuma afka wa gidan Iya, shugabar 'yan bori. Bikin ba a Maraɗi aka yi shi ba, amma Maraɗi ce ta fi jin jiki. Shekaru da dama ke nan, kuma darasin da 'yan siyasa suka ɗauka shi ne a yi shiru.

Shirun yana da wanda yake cutarwa. Namiji ko ba fili zai tare titi ya kafa duwatsu biyu ya ce raga ce. Yarinya ba ta da wannan. Dandali ya ja baya a birni, gidan kallo ba wurinta ba ne, fada ta maza ce. Dokar kaso da aka gyara a 2019 ta kai rabon mata a kujerun zaɓe zuwa kashi 25 cikin 100, kuma da ita aka yi zaɓen 2020. Matan sun shiga majalisun, amma tambayar inda yarinya 'yar shekara goma sha uku za ta je bayan makaranta, wurin da iyayenta za su yarda, malamin unguwa ma ya yarda, ba ta zama zancen kamfe ba. Amsarta kuwa ba ta da wuyar samu: ɗakin karatu mai wuta da fanka, filin ƙwallon hannu a cikin katangar makaranta da ake buɗewa da yamma, ranakun da aka ware wa mata a gidan matasa. Babu ɗaya a cikinsu da zai tayar da tarzoma.

Zancen ɗakin karatu ma ya ƙara nauyi. Kundin 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. A watan Maris na shekarar Nijar ta sanar da ficewarta daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, wadda ta daɗe tana tallafa wa ƙananan ɗakunan karatu a garuruwan Afirka. A Yamai cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar ta koma hannun ƙasa, aka sa mata sunan Moustapha Alassane a Oktoba 2024. Wanda ya sallami mai ba shi aron littafi, ya ɗauki nauyin sayen nasa. Maraɗi ta fi kowane babban birni a Nijar sauƙin yin haka, tunda Katsina da Kano, inda ake buga littattafan Hausa, suna bayan iyaka kaɗan. Abin da ya rage ɗaki ne, da kanta, da albashin mutum ɗaya.

Masu goyon bayan naɗa kantomomi suna da hujjar da ba za a raina ba. Kantoma ba shi da 'yan jam'iyyar da zai saka wa da fuloti, ba shi da bashin kamfe, kuma zaɓaɓɓun majalisun ba su bar tarihin da zai sa a yi kewarsu a wannan fanni ba. Waɗanda aka zaɓa a 2011 ma sun zarce wa'adinsu da shekaru, ana ta ƙara musu lokaci har 2020, ba tare da an koma ga masu zaɓe ba. Sai dai a zamanin majalisa, yanka fili yana bi ta zaman da 'yan adawa ke ciki, kuma ko don ɓata wa abokin hamayya suna, wani yakan fito ya faɗa a rediyo. Yanzu sa hannu ɗaya ya isa, kuma mai sa hannun ga wanda ya naɗa shi yake ba da bahasi. Idan mutumin kirki ne, yana iya kare filaye fiye da kowace majalisa. Idan ba haka ba, mutanen unguwa ba su da ranar da za su jira su rama.

Abin da zai raba gardama yana cikin ikon kantomomin uku tun yau, kuma ba ya buƙatar izinin Yamai ko kuɗin ANFICT. Kowane yanka da aka amince da shi yana da taswira, kuma a taswirar an nuna wuraren da aka keɓe wa jama'a. A fito da su, a manna a ƙofar ma'aikatar magajin gari da ƙofar mai unguwa, a karanta su da Hausa a gidajen rediyo, unguwa bayan unguwa: fili kaza, faɗinsa kaza, tsakanin gidan wane da makarantar kaza. Wanda aka riga aka cinye a faɗa, wanda ya rage a kafa masa duwatsu. Daga ranar, 'yan fadar da ke shan shayi a gefen filin sun san na wane ne, kuma duk wanda zai nemi kujerar kansila a Maraɗi, Tibiri ko Jiratawa, a duk shekarar da aka buɗe fage, zai tarar da jerin filayen yana jiransa a bango, da adadinsu a rubuce.